Kunna VPN Ko Tura Ta Xender: Wa Ke Riƙe Da Wuyan Intanet a Maiduguri?

Daga bayan sallar isha'i zuwa wajen sha ɗaya na dare, intanet a yawancin unguwannin Maiduguri jan ciki yake yi. Wanda ya ɗora saukar da fim a Gwange da ɗalibin da ke neman bidiyon darasi a ɗakin kwanan jami'a abu ɗaya suke kallo, wato lambar da ta ƙi gaba. Bayanin da ya fi yawo a bakin samari shi ne kamfani ne ya shaƙe layin da gangan, don ya hango ana jan kaya mai nauyi. Maganin da ake ba juna kuma bai wuce kalma biyu ba: kunna VPN. Wasu sun rantse yana yi musu aiki, wasu sun kunna sun ga abin ya ƙara taɓarɓarewa, kuma duk cikinsu babu maƙaryaci. Zargin da maganin duka aro ne daga wata rigima da aka yi a Amurka shekaru da dama da suka wuce, alhali ciwon Yerwa, wato Maiduguri, wani iri ne daban.

Rigimar ta samo asali ne daga wani tsari mai suna BitTorrent, wanda wani Ba'amurke mai rubuta manhaja, Bram Cohen, ya fito da shi a 2001. A yadda aka saba, in mutum dubu suna son fayil ɗaya, dukansu wurin kwamfuta ɗaya za su je, wadda ke ajiye da shi, in nauyi ya yi mata yawa kowa ya tsaya. Cohen ya sa ana yanka fayil gunduwa-gunduwa. Duk wanda ya sami gunduwa ɗaya, nan take zai fara miƙa ta ga wasu yana kuma karɓar sauran daga hannunsu. Yawan masu nema, maimakon ya jawo cunkoso, sai ya ƙara gudu, domin mai saukewa shi ne kuma mai turawa. Su kuwa kamfanonin da ke kai intanet gidaje a Amurka sun shimfiɗa layukansu ne bisa zaton mutum zai ja da yawa ya mayar kaɗan, kuma kuɗin wata suke karɓa, ka sha iya shanka. Da masu torrent suka fara barin kwamfuta a kunne dare da rana tana aika kaya, sai lissafin kamfanonin ya rushe.

A 2007 wani injiniya, Robb Topolski, ya lura ya kasa tura wasu tsofaffin waƙoƙi da babu mai haƙƙin mallakarsu. Ya bi diddigi har ya gano cewa kamfaninsa na intanet, Comcast, yana jefa saƙon ƙarya tsakanin kwamfutoci biyu, kowace ta ɗauka 'yar uwarta ce ta ce a katse. A watan Oktoba na shekarar kamfanin dillancin labarai na AP ya gwada da kansa ta hanyar tura littafin Baibul, ya kuma tabbatar. A Agustan 2008 hukumar sadarwa ta Amurka ta ce Comcast ya yi laifi. A 2010 kotu ta ce hukumar ba ta da hurumin yin wannan hukunci. Daga nan aka shiga kai-komo: an kafa ƙa'idar hana nuna bambanci tsakanin saƙonni a 2015, an soke ta a 2017, an maido da ita a 2024, wata kotun ɗaukaka ƙara ta sake rushe ta a Janairun 2025. Tarayyar Turai dai ta kafa tata dokar a 2015 kuma tana nan. A cikin wannan kokawa ta kamfanoni da masu torrent ne dabarun kewaye shaƙa suka bunƙasa: sauya ƙofar da manhaja ke fita ta cikinta, lulluɓe saƙon yadda na'urar kamfani ba za ta gane kamanninsa ba, sannan uwa-uba VPN.

Wanda ya saba bin hanyar Damaturu ba ya buƙatar dogon bayani kan VPN. A shingen bincike, motar da kayanta ke buɗe ana ganin abin da ta ɗauko, ana iya cewa masu taki su koma gefe su jira, masu gero su wuce. VPN tamfol ne da aka ɗaure aka sa masa kwaɗo. Mai shinge yana ganin mota, ya san nauyinta, ya san tashar da za ta fara tsayawa, amma bai san abin da ke ƙarƙashi ba. To in ana ware mota ne saboda irin kayanta, tamfol ya yi magani. In kuwa kuɗin hanya bisa nauyi ake biya, ko titin ne ya cushe, ko an rufe ƙofar gari gaba ɗaya, tamfol bai ƙara wa direba komai ba sai nauyin kansa. Kuma nauyin gaske ne: VPN yana ƙara cin data kaɗan, yana cin caji, yana kuma kewayawa da saƙonka ta Holan ko Jamus kafin ya kai inda ka aike shi.

Kusan kowa a Maiduguri ta waya yake shiga intanet, a layin MTN ko Airtel ko Glo, kuma data a awo ake sayar da ita. Nan labarin ya rabu da na Amurka. Kamfanin da ke karɓar kuɗi kan kowace gigabait ba shi da dalilin jin haushin mai jan kaya da yawa, ai shi ne babban abokin cinikinsa. Torrent kuma baki biyu yake cin data, wajen sauka da wajen hawa, kuma ban ga saurayin da zai bar wayarsa tana ciyar da baƙi a Brazil da kuɗin aljihunsa ba. Sannan akwai wani shinge da ba a gani. Adireshin intanet na tsohon tsari ya yi ƙaranci a duniya, don haka kamfanonin waya suna tara ɗimbin masu layi a bayan adireshi ɗaya, abin da ke sa wata waya daga waje ta kasa ƙwanƙwasa taka kai tsaye. Aikin da Comcast ya sayi na'urori masu tsada don ya yi, a nan farashi ne ke yin sa, ba tare da kowa ya leƙa kayan kowa ba.

Farashin kuwa ba sauka yake yi ba. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100, bayan sun nemi a ninka. A watan Fabrairu MTN ya ɗaga wani ƙunshin gigabait 15 na mako daga naira 2,000 zuwa 6,000, jama'a suka yi caa, kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Kamfanonin suna da hujjarsu, kuma ba hujjar banza ba ce: darajar naira ta faɗi tun 2023, kayan aikinsu da dala ake sayowa, ƙarafan sabis da dizal suke rayuwa. Amma mai Keke Napep da ke zirga-zirga tsakanin Post Office da Bulumkutu, ko matar da ta baro Bama tana ɗinkin hula don ta ci abinci, ba a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 suke ba, ba su ma da albashin. Shi ya sa samari ke kwana ido biyu suna jiran garaɓasar dare, wadda ke farawa tsakar dare ta ƙare da asuba. Ita kanta garaɓasar amsa ce daga bakin kamfani: layin da ya cika ya batse da ƙarfe tara, da ƙarfe biyu na dare babu kowa a kansa, gara a sayar da shi da araha.

Wannan ba ya nufin babu shaƙa ta gaskiya a Najeriya. Akwai, kuma a rubuce take, sai dai da ƙananan haruffa. Ƙunshin da ake tallatawa da sunan marar iyaka, musamman na akwatin intanet na gida da ofis, yakan zo da sharaɗin cewa in ka kai wani adadi za a rage maka gudu har ƙarshen wata. Wannan shaƙa ce bisa nauyi, VPN ba ya taɓa ta. Ƙa'idojin intanet da NCC ta fitar a 2019 sun hana kamfani toshe halastaccen saƙo ko rage masa gudu, in ban da abin da kula da lafiyar layi ya wajabta. A wannan togaciya ne gizo ke saƙa, domin kamfanin ne ke cewa ga abin da ya wajaba. Ni ban ga laifi ba in kamfani ya tsara layi lokacin cunkoso, don kada mutum goma masu jan fim su hana mutum dubu tura kuɗi ta banki. Laifin shi ne a ɓoye. Kamfanin da ya iya aiko maka tallan waƙar kira da Hausa ya iya gaya maka da Hausa da Kanuri, kafin ka biya, cewa bayan gigabait kaza gudunka zai koma kaza. Wanda ke zargi kuma yana da hanyar gwaji mai sauƙi: ya auna gudu a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, da VPN a kunne da kuma a kashe, ya maimaita kwanaki. Akwai ma manhajar Wehe da masu bincike a Jami'ar Northeastern ta Amurka suka ƙera don wannan aiki, wadda ta nuna kamfanonin waya na can suna rage gudun bidiyo. In bambanci ya fito fili, lambar ƙorafi ta NCC ita ce 622. Ƙorafin da ke ɗauke da lambobi da ranaku ya fi zagi a Facebook nauyi.

Bambancin da aka fi nunawa tsakanin saƙonni a ƙasar nan ma da fuskar kyauta yake zuwa. Ƙunshin WhatsApp da Facebook da TikTok ya fi data gama-gari araha, kuma tun 2016 Facebook ya shigo da Free Basics, tsarin shiga wasu zaɓaɓɓun shafuka kyauta, ta hannun Airtel, a shekarar da Indiya ta haramta shi saboda yana zaɓar wa talaka intanet ɗin da zai gani. Ɗalibin da kuɗinsa ya isa kallon barkwanci amma bai isa buɗe mujallar kimiyya ba, an riga an shaƙe shi, sai dai da murmushi. Ta wannan kafa ce abin da samari ke kira cit ya shigo, wato manhajojin da ke sa wa duk saƙonka rigar shafin da aka yi wa rangwame don na'urar lissafin kamfani ta ruɗe. Ba na cikin masu yi wa wannan kirari. Cin haƙƙi ne ko da wanda aka ci mai ƙiba ne, ba ya wuce 'yan kwanaki kafin a toshe, kuma mai yin sa yana bi da duk sirrin wayarsa ta kwamfutar wani da bai san ko wane ne ba. Haka ma yawancin VPN na kyauta. Wanda ya kafa na'urori a ƙasashe goma bai karɓi ko kwabo a hannunka ba, ka tambayi kanka da me yake biyan haya.

Sai nisa. Manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 na 2010 da WACS da Equiano na Google da ya iso a 2022, a Legas suke sauka. Daga can zuwa Maiduguri tafiyar sama da kilomita 1,500 ce, kuma wayar fayiba da ke ɗauko intanet ɗin a gefen titi take kwance, inda katafilar ɗan kwangila da ɓarawo da zaizayar ƙasa ke samun ta. A 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu suka lalace a teku daura da Kwaddibuwa, bankuna da kasuwanni a faɗin Najeriya suka ji a jikinsu. Borno kuwa tana da nata ƙarin. A Satumbar 2012 Boko Haram ta bi ƙarafan sabis a Maiduguri da wasu garuruwan Arewa tana ƙonawa, bisa zargin kamfanoni na taimaka wa jami'an tsaro gano maɓoyarta. A Janairun 2021 aka tarwatsa turakun wutar lantarki a hanyar Damaturu, aka gyara a watan Maris, aka sake fasa su cikin 'yan kwanaki, garin ya daɗe cikin duhu, har ta kai ga gina tashar gas mai megawat 50 da aka buɗe a 2023. A 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shafe Gwange da Monday Market da kewayen fadar Shehu, ya haɗa da na'urorin da ke ƙasan ƙarafan sabis. Ƙarfen sabis ɗaya a unguwar da 'yan gudun hijira suka ninka yawan mutanenta, yana aiki da janareta, yana shan intanet ta siririyar waya daga Legas: wannan shi ne abin da ke faruwa da ƙarfe tara na dare, kuma babu manhajar da za ta gyara shi.

Hannun da ya fi kowane ƙarfi a wuyan intanet ɗin garin nan, na gwamnati ne. A 14 ga Mayu 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, cikin 'yan kwanaki sojoji suka sa aka kashe layukan waya a jihohin uku. A watan Yuni rundunar haɗin gwiwa ta haramta wayar Thuraya ta tauraron ɗan'adam a Borno. Mutane suka riƙa shiga mota suna nausawa har ƙasar Bauchi don su yi kira ɗaya su dawo, 'yan kasuwa suka koma aika takarda ta hannun direba, na bakin iyaka suka nemi layin Kamaru. Adamawa da Yobe sun sami nasu a watan Yuli, Borno kuwa sai wajen ƙarshen shekara al'amura suka daidaita. Shekarar 2021 ta ƙara fayyace darasin. Da gwamnatin Buhari ta toshe Twitter daga Yuni har zuwa Janairun 2022, VPN ya yi rana, 'yan Najeriya suka ci gaba da rubutu duk da barazanar gurfanarwa da Ministan Shari'a Abubakar Malami ya yi, daga baya ma kotun ECOWAS ta ce toshewar ta saɓa doka. A Satumbar 2021 kuma aka kashe sabis a Zamfara bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle, aka ce mako biyu, aka kwashe kusan wata uku, sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna suka biyo baya. A can babu wanda ya ambaci VPN, don babu layin da zai hau.

Abin da bai mutu ba a 2013, kuma ba ya mutuwa in data ta ƙare ko wayar Legas ta tsinke, shi ne hannu-da-hannu. An fara da Bluetooth, aka koma cire memori a sa a wata waya, sannan Xender da ire-irenta suka zo, inda waya ɗaya ke buɗe ƙaramin layinta ɗayar ta shiga, fim ya wuce cikin minti ɗaya ko biyu ba tare da ya bi ta ƙarfen kowane kamfani ba. A kasuwar 'yan waya da rumfunan caji akwai masu sana'ar turi, kowa da kwamfutarsa cike da kaya: fassarar Algaita ta fina-finan Indiya, shirye-shiryen Kannywood masu dogon zango, tafsirin azumi, karatun alarammomi, waƙoƙin Kanuri da na Shuwa, wasan ƙwallon jiya. Mutum ɗaya ya saukar da garaɓasar dare, kafin la'asar abin yana cikin waya hamsin, kowace kuma tana iya zama mai turawa. Abin da Bram Cohen ya zauna ya rubuta da lissafi ke nan, a nan ƙafa da zumunci ne ke yin sa. Ba mu kaɗai ba ne. A Kyuba akwai ƙunshin mako da ake yawo da shi a faifan ajiya gida-gida, kimanin terabait guda. A Sahara kuwa, ta memori da Bluetooth waƙoƙin Mdou Moctar, mai jita ɗan Nijar, suka bazu har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinto su a arewacin Mali ya fitar da su ga duniya. Inda intanet ya yi tsada ko ya yi rauni, mutane sukan mayar da kansu wayar.

Sai dai hanyar nan ta ci wasu. Kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai a Kano, wadda ta ɗauki nauyin Kannywood shekara da shekaru, turi ne ya kwantar da ita. Furodusa ya ci bashi ya yi fim, mai turi ya sami kwafi ɗaya, gari ya kalla, mai fim ya tashi a tutar babu. Masana'antar ta gudu zuwa YouTube, inda shirye-shirye irin su Izzar So da Labarina ke samun kuɗi bisa yawan masu kallo, amma nan ma turi ya bi ta: mutum hamsin da suka karɓa ta Xender, a lissafin YouTube mutum ɗaya ne. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta ba da damar sauke kayan sata daga shafukan intanet, amma ba ta da abin da za ta sauke daga waya zuwa waya a gindin dalbejiya. Wanda ke jin kama masu turi zai maido da kasuwar faifai yana ɓata lokacinsa. Mai turi dillali ne da ya riga ya mallaki abokan ciniki a kowace unguwa, ya san abin da suke so fiye da furodusan da ke Zoo Road. Abin da ya rage shi ne ciniki: a sayar wa ƙungiyarsu izinin fim a farashin da za su iya, su raba, su biya. Ba zai kai kuɗin zamanin faifai ba, amma ya fi babu.

Akwai abin da ya fi asarar kuɗi muni, kuma mutanen Maiduguri sun fi kowa saninsa. Wa'azin Muhammad Yusuf ta kaset da faifai da memori ya shiga gidaje tun kafin rikicin Yulin 2009, bidiyon abin da ya biyo baya kuma ya yi yawo waya zuwa waya ya hura wutar da har yau ba ta mutu ba. Hanyar da kamfani ba ya iya shaƙewa, uba ma ba ya ganin abin da ke bi ta cikinta zuwa wayar ɗansa. A Kano a 2007 wani bidiyon sirri na wata 'yar fim ya bazu ta Bluetooth, rayuwarta ta dagule, hukumar tace fina-finai ta dakatar da ɗaukar fim na watanni. Har gobe ana yi wa 'yan mata irin wannan, sau da yawa daga wayar da aka kai gyara. Ga manhajojin da ake turawa hannu-da-hannu, waɗanda babu mai tabbatar da cewa ba a cusa musu wani abu ba, a zamanin da asusun bankin mutum ke cikin wayarsa. Masu binciken tsaro na Trend Micro sun bayyana ramuka a manhajar turi ta SHAREit a 2021, Indiya kuma ta haramta ta tare da Xender a 2020, ko da yake wannan ya fi alaƙa da rigimarta da Sin. Fim da karatu a karɓa a rumfa, amma manhajar banki kada a karɓe ta daga hannun kowa.

Duk da haka ina ganin masu turi sun gano abin da masu tsara manufofi suka kasa ganowa: abin da gari ke so, a ajiye shi a cikin gari. Yau in malami a Jami'ar Maiduguri ya aika wa ɗalibansa ɗari biyu bidiyon darasi ta WhatsApp, bidiyon zai fita daga Borno, sannan ya dawo sau ɗari biyu ta wannan siririyar wayar, kowane ɗalibi ya biya. Da jami'ar, da Kwalejin Ramat, da asibitin koyarwa suna da rumbun ajiya a kan layin cikin gida, da an saukar sau ɗaya kowa ya ɗiba kyauta. Fasahar ba sabuwa ba ce. Kiwix tana ba da Wikipedia gaba ɗaya, har da ta Hausa, ba tare da intanet ba. Microsoft kansa yana barin kwamfutocin ofis ɗaya su raba sabuntawar Windows a tsakaninsu, Internet Archive da masu Linux kuma da torrent suke raba kayansu, abin da ke nuna tsarin ba na ɓarayi kaɗai ba ne. A mataki na sama akwai mahaɗar intanet, inda kamfanoni ke musayar saƙo a gari ɗaya, inda kuma su Google da Meta ke ajiye kwafin abin da aka fi kallo. Cibiyar IXPN da aka kafa a 2006 ta fara a Legas, ta kai Abuja da Kano. Garin da ke kasuwanci da Chadi da Kamaru da Nijar, mai jami'a tun 1975, mai ɗimbin ƙungiyoyin agaji da kowace ke biyan kuɗin tauraron ɗan'adam ita kaɗai, ya cancanci tasa. Starlink da ya shigo Najeriya a Janairun 2023 ya taimaki masu hali da ofisoshi, amma kuɗin kwanonsa kaɗai ya fi ƙarfin talaka, sai in unguwa za ta haɗa kai ta raba, irin layukan al'umma da cibiyar CITAD ta Kano ta daɗe tana neman a ba su gurbi a doka. Shirin Ministan Sadarwa Bosun Tijani na shimfiɗa fayiba kilomita 90,000, a Borno ma'auninsa ɗaya ne: ko Maiduguri za ta sami hanya ta biyu da ta uku, ta Biu da Gombe, yadda tsinkewar hanyar Damaturu ba za ta kashe gari ba.

Na san amsar da za ta fito daga ɓangaren tsaro, cewa layin da ba ya bi ta hannun manyan kamfanoni yana da wuyar sa ido, yana kuma da wuyar kashewa ranar da buƙata ta taso. Ba magana ce ta wasa ba a jihar da aka yi amfani da waya wajen shirya kisa. Amma in za a kashe wa mutane miliyoyi layi, ya kamata a ce akwai alƙalin da ya sa hannu, da wa'adin da aka rubuta, da bayanin da za a yi wa majalisa in wa'adin ya cika, maimakon wasiƙa ɗaya daga Abuja zuwa kamfanoni. A duba kuma abin da 2013 ta nuna. Abin da ya fitar da Boko Haram daga unguwannin Maiduguri a wancan lokaci, babban kasonsa 'yan gora ne, matasan da suka san fuskokin maƙwabtansu suka nuna su. A Yobe kuwa, ranar 6 ga Yuli, mahara suka shiga makarantar sakandaren Mamudo kusa da Potiskum suka kashe gomman ɗalibai, mutanen yankin suka ce sun ga alamu amma babu layin da za su kira kowa. Gwamnan jihar na lokacin, Ibrahim Gaidam, da kansa ya roƙi sojoji su maido da sabis, kuma kafin watan ya ƙare aka maido.